Yadda Ake Buɗe Bututun Besin ɗin Banɗaki Idan Ya Toshe

Besin ɗin wanke hannu ba ya toshewa dare ɗaya. Da farko mutum zai lura cewa idan ya gama wanke baki ruwan yana ɗan jan ƙafa kafin ya wuce, yana barin zoben kumfa a jikin tangaran. Bayan 'yan makonni sai a fara jin bututun yana ƙugi kamar cikin mai jin yunwa, sannan wata asuba a shigo yin alwala a tarar da ruwan daren jiya yana nan kwance, ya koma launin toka, yana tashin wari. A yawancin gidajenmu na Kano, a wannan gaɓar ce ake aika yaro ya nemo mai gyaran famfo, ko kuma a sayo soda mai ƙuna a zazzaga a ramin a koma gefe ana jiran ikon Allah. A ganina duka biyun gaggawa ce, domin abin da yake toshe besin kusan kullum yana zaune ne a cikin kamu ɗaya daga bakin ramin, inda hannu da guntuwar waya za su iya kaiwa, kuma ko mutumin da bai taɓa riƙe sifana ba zai iya gama aikin cikin rabin sa'a idan ya bi shi daki-daki.

Kafin a taɓa komai, a durƙusa a haska ƙarƙashin besin da fitilar waya a ga yadda aka haɗa shi. Daga ramin da ruwa yake shiga akwai gajeren bututu da ya sauko, mai faɗin milimita 32, wato inci ɗaya da kwata a bakin 'yan kasuwa, sannan ya shiga wani mazubi da aikinsa shi ne riƙe ɗan ruwa a kowane lokaci. Wannan ruwan da yake kwance shi ne yake tare warin sokawe da kyankyasai kada su biyo bututu su shigo banɗaki. Iri uku aka fi gani. Akwai mai siffar kwalba, na farar roba ko na ƙarfe mai ƙyalli, wanda masu gyara suke kira botul-tiraf, kuma gindinsa yana kwancewa kamar murfi. Akwai mai gwiwa, wanda ya sauka ya lanƙwashe ya sake hawa, da noti a kowane gefe. Akwai kuma bututun roba mai zobe-zobe kamar maƙogwaro, wanda ake ja ya miƙe a tura ya taƙure, shi ne mafi araha kuma shi ya fi yawa a gidajen haya. Zan kira su duka tarko, tunda abin da suke yi ke nan: suna kama ruwa, suna kuma kama duk abin da ya fi ruwa nauyi.

Abin da yake taruwa a tarkon ba baƙo ba ne. Gashi shi ne uban tafiya, na maigida idan ya rage gemu a gaban madubi, da na uwargida da 'yan mata idan an tsefe kitso an taje kai, da zaren gashin doki wanda ba ya ruɓewa ko da zai shekara a ciki. Gashin yana sarƙewa a jikin ƙarfen da ya gitta bakin ramin ya zama kamar raga, sai sabulu da man goge baki da man shafawa su riƙa mannewa a jikinsa. Idan ruwan gidan na rijiyar burtsatse ne mai ɗauke da kalsiyam, wanda ake gane shi da farin tabon da yake bari a kan famfo da cikin tukunyar dafa ruwa, to sabulu yana haɗuwa da shi ya zama wani daskararren maiƙo da ruwan sanyi ba ya narkarwa. A kan wannan sai a ƙara ɓurɓushin asuwaki, da garin lalle da dilka lokacin biki, da ƙurar hunturu, da yashin da yake kwantawa a gindin jarkar 'yan ga-ruwa, da kuma ƙasar ƙafa a gidajen da aka saba ɗora ƙafa a besin wajen alwala.

Akwai kuma dalili guda da ya fi shafar mu a nan, wanda ba a cika lura da shi ba. An ƙera bututun besin ne bisa tunanin cewa za a riƙa sakin famfo ruwa ya gudana da ƙarfi ya wanke cikinsa. A unguwannin da ruwan Tamburawa ko na Challawa ba ya isowa kullum, ruwa abin saye ne, da buta ake wanke hannu da baki, ana tsiyayawa kaɗan-kaɗan. Rabin buta ba shi da ƙarfin da zai ɗaga yashi ya haura da shi gwiwar tarko, iyakarsa ya kai dattin ciki ya ajiye ya wuce. Shi ya sa besin ɗin gidan da ake tattalin ruwa ya fi saurin toshewa a kan na gidan da famfo yake sake, kuma shi ya sa wanda ya buɗe bututunsa yau bai sauya komai ba zai sake durƙusawa a wurin bayan 'yan watanni.

Sai a tabbatar cewa matsalar ta besin ce kaɗai. A zuba bokiti guda a rariyar ƙasan banɗaki, a kuma kora masai. Idan su biyun suna wucewa lafiya, toshewar tana cikin bututun besin ne kaɗai. Idan kuwa rariyar ƙasa ma tana dawo da ruwa, ko masai yana cika kafin ya sauka, to ba a nan gizo yake saƙa ba: ko dai cembar da ke waje, wato ɗan ramin da bututun gidan suke haɗuwa, ta cushe, ko sokawe ya ƙoshi, abin da aka fi gani a tsakiyar damina wajen watan Agusta idan ƙasa ta sha ruwa ta daina karɓa. Wannan aikin masu kwashe masai ne, kuma kada kowa ya zura kai ko ya shiga ramin sokawe, domin iskar da ke ciki tana sumar da mutum kafin ya ankara. A gidaje da yawa na cikin birni kuma ruwan besin ba ya zuwa sokawe ko kaɗan, bututunsa yana huda bango ne ya zuba a kwata. Saboda haka a zagaya a duba bakinsa ta waje, don sau da yawa leda ce ko taɓo ya rufe shi, kuma tsinke ɗaya ya isa ya kashe maganar.

Kayan aikin kusan duk suna cikin gida: bokiti ko roba mai faɗi da za ta shiga ƙarƙashin besin, da kofin kwashe ruwa, da safar hannu ta roba, da tsummoki biyu ko uku, da tsohon buroshin goge baki, da filaya, da waya mai ɗan ƙarfi irin ta ratayen kaya ko sifokin keke, da sabulun ruwa na wanke-wanke ko garin sabulun wanki. Abu ɗaya da ya cancanci a fitar da kuɗi a saya shi ne robar zuƙa mai sanda, wadda ake kira falanja. Ana samunta a shagunan kayan famfo na Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, har ma da na cikin unguwa. A nemi ƙarama mai shafaffen baki, ba babba irin ta masai ba, kuma kada wadda ta taɓa shiga masai ta kusanci wurin da ake wanke baki. A buɗe taga, a kuma gaya wa mutanen gida kada kowa ya zuba ruwa a besin sai an ce an gama.

A fara da kwashe ruwan da ya kwanta, da kofi zuwa bokiti, a tsane ragowar da tsumma, sannan a cire abin da ya rufe ramin. Idan toshiyar roba ce mai sarƙa, an huta. Idan irin wadda ake dannawa ta rufe a sake dannawa ta buɗe ce, a kama kanta a murɗa zuwa hagu, za ta fito a hannu, kuma galibi rabin matsalar yana rataye a gindinta. Idan mai sanda ce a bayan famfo, wadda ake ja sama ta rufe, sai an leƙa ƙarƙashi an kwance ƙaramin notin da ke bayan bututu an zare sandar da ta riƙe ta. Akwai wani iri mai faifan ƙarfe mai ramuka da sukuru ɗaya a tsakiya. Wannan sukurun shi ne ya ɗaure bakin bututun da jikin besin, kuma da zarar an kwance shi robar da ke ƙasa tana gocewa, a wayi gari da yoyon da a da babu shi. A nan gara a bar kaza cikin gashinta, a yi aikin ta cikin ramukan.

A miƙar da wayar, a lanƙwasa bakinta da filaya ya zama 'yar ƙugiya da ba ta wuce faɗin farce ba, a zura ta a hankali, a juya, a jawo. Manufar ita ce a fito da dattin waje, don haka kada a riƙa zungura kamar mai daka, domin hakan cusa shi yake yi gaba zuwa inda hannu ba zai kai ba. Abin da zai biyo ƙugiyar ba shi da kyawun gani, baƙin curin gashi ne mai santsi, wani lokaci ya fi yatsa tsawo, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. A sa shi a leda a kai shara, kada a jefa a masai. A maimaita har ƙugiyar ta riƙa dawowa wayam, sannan a zura buroshi a goge cikin maƙoshin ramin iya inda ya kai.

Daga nan sai ruwan zafi, amma ba tafasasshe ba. Bututun roban da muke amfani da shi yana fara laushi idan zafi ya haura digiri 60, ruwa kuwa ba ya tafasa sai ya kusa digiri 100, kuma tangaran mai sanyi, musamman da safiyar hunturu, yana iya tsagewa idan aka sheƙa masa tafasasshen ruwa lokaci guda. A tafasa lita 2, a sirka da kwatankwacinsa na ruwan sanyi ko ɗan fiye. A fara zuba cokali 2 na sabulu a cikin ramin, a bi shi da rabin ruwan, a jira minti 10 maiƙon ya saki, sannan a juye sauran a tashi ɗaya. Idan ruwan ya wuce yana juyawa yana ƙarar zuƙa, an yi nasara, sai a tsallaka zuwa batun wanke abin da ya rage, wanda zai zo can gaba.

Idan har yanzu yana jan ƙafa, lokacin falanja ya yi. Akwai ɗan rami a saman besin, ƙasa da famfo, wanda ruwa yake bi idan besin ya cika don kada ya malala. Wannan ramin yana haɗe da bututun ta cikin jikin tangaran, kuma shi ne dalilin da ya sa mutane da yawa suke cewa sun gwada falanja ba ta yi komai ba, alhali duk ƙarfin da suke dannawa ta nan yake fita. A cusa masa jiƙaƙƙen tsumma sosai, in da hali wani ya danne shi da hannu. A zuba ruwa har ya rufe bakin robar, a ɗora ta a kan ramin, a danna na farko a hankali don iskar cikinta ta fice, sannan a riƙa dannawa ana ja da sauri kamar sau 15 zuwa 20 ba tare da an ɗaga ta ba, a ƙarshe a fizge. Jan ya fi dannawar amfani, domin shi ne yake girgiza curin ya dawo da shi baya. Kada a ɗora nauyin jiki duka a kan besin, tunda yawancinsu a kan sukurori biyu suke rataye a bango. Mai bututun maƙogwaro kuma ya ajiye bokiti a ƙasa tun kafin ya fara, saboda irinsa yana iya suɓucewa daga bakin bango.

Idan an yi haka sau biyu ko uku ba a ga sauyi ba, sai a buɗe tarkon, kuma a gaskiya wannan shi ne matakin da yake warware mafi yawan toshewa. A shimfiɗa tsumma, a ɗora bokiti daidai ƙarƙashinsa. Idan besin ɗin mai ƙafar tangaran ne da ta ɓoye bututun, yawanci ana iya zura hannu ta bayanta, kuma ba na ba da shawarar a janye ƙafar, domin a wasu gidajen ita ce take ɗauke da nauyin besin ɗin gaba ɗaya. Ga mai siffar kwalba, a riƙe samansa da hannu ɗaya don kada bututun ya juya, a kama gindin da ɗaya hannun a murɗa kamar mai buɗe kwalbar da aka kife. Idan ya ƙi, a naɗe shi da busasshen tsumma a sake gwadawa. Kada a kama na roba da filaya kai tsaye, domin roban da ya daɗe yana shan zafin Kano yana bushewa, matsa kaɗan sai ya fashe. Ga mai gwiwa, a sassauta notunan biyu, a sauke gwiwar a tsaye kada ruwanta ya zube a jiki. Ga na maƙogwaro, a kwance notin sama, a zare ƙasan daga bango, a fita da shi tsakar gida a miƙar da shi a kora masa ruwa, ko da yake idan zobbansa sun cika da baƙin maiƙo, sayen sabo ya fi wankinsa sauƙi.

A lura da zobban roba da za su faɗo ko su maƙale a bakin noti, a kuma riƙe yadda kowanne yake zaune, in ma da hali a ɗauki hotonsu da waya kafin a taɓa. A juye abin da ke cikin tarkon a bokiti a duba shi kafin a zubar. A gindinsa za a tarar da yashi ya daskare kamar laka, a samansa gashi, a tsakani kuma duk abin da ya taɓa ɓacewa a banɗakin: tsinken sakace, murfin man goge baki, kusurwar ledar sabulu, allurar ɗaure mayafi. A nan ne ɗan kunne ko zobe yake tsayawa idan ya faɗa ramin, shi ya sa ranar da hakan ta faru abin yi shi ne a hana kowa zuba ruwa har sai an buɗe tarkon. A wanke shi da buroshi da sabulu, ciki da waje da kuma cikin zaren murfin, amma a wani wuri dabam. Na faɗi haka ne domin ranar da na fara yin wannan aikin na miƙe riƙe da kofin tarkon, na juye baƙin ruwansa a cikin besin ɗin da na kwance da hannuna, ya bi ta ƙasa ya sauka a kan ƙafata da gefen wandona, yarana suna tsaye a bakin ƙofa suna kallo.

Tun tarkon yana kwance, a duba bututun da ya shiga bango. A haska ciki, a zura waya a juya. Idan ta ci karo da abu mai laushi, a yi ta jawo shi kaɗan-kaɗan. Idan toshewar ta yi nisa, akwai doguwar waya mai murɗaɗɗen jiki kamar sifirin da ake sayarwa a shagunan kayan famfo, wadda ake turawa ana juya mariƙinta har ta huda curin ta kamo shi. Inda waya ta tsaya cak a kan abu mai tauri, mai yiwuwa kwanar bututu ce, sai a ɗan ja baya a juya a sake turawa a hankali, kada a yi da ƙarfi a huda roba a cikin bango. Gidan da yake da tankin sama yana iya zura tiyo a bakin bututun, a naɗe kewayensa da tsumma a danne, a saki ruwa ya tura ragowar. A kuma duba kwanciyar bututun da ido. Ya kamata ya riƙa gangarawa zuwa waje da kamar santimita 2 a kowace mita, kuma idan ya yi ciki a tsakiya, ko ya karkato baya wajen besin, to datti zai ci gaba da kwanciya a wurin komai yawan wanki, sai an gyara zamansa.

Wajen mayarwa ne ake samun yoyo, saboda haka a natsu. A goge zobban roba a duba su, duk wanda ya tsage ko ya bushe ya yi tauri a canza shi, kuma ya fi kyau a tafi shago da tsohon a hannu a ce wa mai shagon, “Malam, irin wannan nake nema,” maimakon a tsaya kwatance. Zoben da yake da gefe ɗaya siriri, siririn ne yake fuskantar cikin bakin da za a cusa bututun. A ɗora murfi ko noti a miƙe, a fara murɗawa da yatsu. Idan ya yi tauri tun a juyin farko, zaren ya hau ba daidai ba, a dawo baya a sake, domin zaren roba idan ya cinye ba ya gyaruwa. A ɗaure da ƙarfin hannu kawai. Farin tef ɗin da ake naɗawa a bakin famfo ba shi da aiki a nan, tunda zoben roba ne yake tare ruwa. Sannan a share ƙasa ta bushe, a shimfiɗa tsohuwar jarida, a toshe besin a cika shi, a saki ruwan gaba ɗaya. Ko ɗigo ɗaya ne zai nuna a kan takardar, sai a shafa busasshen yatsa a kowace mahaɗa a gano daga inda yake.

Na bar maganar soda zuwa nan da gangan. Soda mai ƙuna, irin wadda masu haɗa sabulu suke saye, tana narkar da gashi da maiƙo, wannan gaskiya ne. Amma ba ta narkar da yashi ko murfin roba ko gashin doki, kuma idan aka zazzaga ta a besin ɗin da ya toshe ɗungurum, sai ta kwanta a tarkon ta yi zafi, wani lokaci ta daskare ta zama dutse, a bar mutum da kwano cike da ruwan da yake cin fata, wanda dole wani ya sa hannu ya buɗe. Wurinta ɗaya ne, wato inda ruwa yake wucewa a hankali bayan an riga an wanke tarko, alamar maiƙo ya kama cikin bututun bango. Wanda zai yi amfani da ita ya sa safar hannu da tabarau, ya fitar da yara, ya zuba lita 1 na ruwan sanyi a bokitin roba, sannan ya riƙa barbaɗa cokali 3 na sodar a cikin ruwan yana juyawa da sanda. Sodar ake kai wa ruwa, ba a zuba ruwa a kanta, kuma ba a haɗa ta a kwanon alminiyam domin tana cin sa. A tsiyaya a ramin a hankali, a jira minti 20 zuwa 30, a kora da bokiti biyu. Bayan an zuba soda ba a sake sa falanja, kada garin neman gira a rasa ido. Idan ta fallatsa a fata ko a ido, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20 sannan a tafi asibiti. Ragowarta kuma kada a ajiye ta a gorar ruwa ko ta lemo, domin narkakkiyar soda kamar ruwa take a idon yaro, kuma yaron da ya sha ta ba a sa shi amai, asibiti ake garzayawa da shi.

Abin da bai kamata a yi ba ko da wasa shi ne haɗa magunguna. Ruwan bilic irin su Hypo da Jik idan ya gamu da asid, ko na ruwan wankin masai mai ƙarfi ko na khal, yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, kuma banɗakunanmu ƙanana ne, tagoginsu 'yan mitsi-mitsi. Ruwan batir da wasu suke zubawa yana cinye ƙarfen bakin ramin ya ɓata ƙyallinsa, kuma idan ya tarar da soda a ciki yana iya tafasowa ya watso sama. Yawan zuba irin waɗannan abubuwa yana kuma kashe ƙwayoyin da suke narkar da ƙazanta a tankin masai. Shi kuwa haɗin bekin soda da khal da ake ta yayatawa a Facebook da TikTok, ba shi da haɗari, amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Kumfar da yake yi iska ce kawai take fita yayin da su biyun suke kashe ƙarfin juna, tana ɗan ɗaga dattin da ke saman bututu ta rage wari, amma ban taɓa ganin ta motsa curin gashi ba.

Da ruwa ya fara wucewa, sai a wanke abin da ya rage. Ɗan ramin nan na sama yana tara baƙin datti a cikinsa, kuma sau da yawa daga nan wari yake fitowa ana ta zargin bututu. A zura masa siririn buroshi, a ɗura ruwan ɗumi mai sabulu da bakin buta. Toshiyar da aka cire a goge ta tas kafin a mayar. Farin tabon da ke kewaye da ramin da gindin famfo kuwa, a jiƙa tsumma da khal ko ruwan lemon tsami a ɗora a kai na minti 30, zai saki a goge shi cikin sauƙi, amma a tabbata an riga an ɗauraye duk wani bilic daga wurin. Kada a kankare tangaran da soson ƙarfe ko yashi, domin ƙananan zanen da suke bari su ne datti yake kamawa daga baya.

Idan ruwa yana wucewa amma warin bai tafi ba, a koma kan tarkon. Banɗakin da aka rufe aka yi tafiya, musamman a zafin Maris da Afrilu, ruwan tarkonsa yana bushewa, kuma buta ɗaya ta isa ta mayar da shi. Mai bututun maƙogwaro ya duba ko an ja shi ne a miƙe daga besin zuwa bango ba tare da lanƙwasa ba, kamar yadda masu gaggawa suke yi. Irin wannan ba ya riƙe ruwa ko kaɗan, ƙofa ce a buɗe ga wari da kyankyasai. A lanƙwasa shi ya sauka ya sake hawa kamar gwiwa, zurfin lanƙwasar ya kai yatsu huɗu, a ɗaure da waya don kada ya warware.

Don kada a dawo gidan jiya, a sayi 'yar rariyar ƙarfe ko ta roba da ake ɗorawa a bakin ramin, a riƙa shimfiɗa takarda a besin lokacin gyaran gemu ko tajar kai, ruwan lalle da na gindin jarka kuma a zubar da su a waje. Sau ɗaya a mako a toshe besin a cika shi, ko da da ruwan ɗaurayar wanki ne wanda dama zubarwa za a yi, sannan a saki a tashi ɗaya, domin wannan nauyin ruwan shi ne abin da buta ba ta bai wa bututu. Idan kuwa an bi duk matakan nan ruwa bai wuce ba, ko bango ya fara jiƙewa, ko an tarar tarkon ƙarfe ya yi tsatsa ya ƙi motsi, sai a kira mai gyara, ɗan haya kuma ya fara sanar da mai gidan kafin a fasa komai. Ranar da ya zo a tsaya a kansa a roƙe shi abu ɗaya, kada ya shafa gam a mahaɗar tarkon. Wani ya taɓa manne mini nawa gaba ɗaya don ya huta da neman zoben roba, kuma da besin ɗin ya sake toshewa sai da aka sa zarto aka yanke bututun.